Jirgin Dabo da Kwallin Zahara'u

Duk wanda ya taɓa tuƙa motar haya ya san ciwon da ke damuna: hannuna ba ya ganin datti ya ƙyale. Shekara da shekaru ina jigila tsakanin Birnin Kudu da Gwaram da tsumma a kafaɗa, in goge gilashi, in goge madubi, in goge sitiyari. Akwai ranar da na kai wa goshin wani dattijon fasinja tsumma, ashe tabon salla ne. Wannan an yi dariya an wuce. Wadda na tafka a rumfar taubashina Dabo Mai Dalma ce ba a yi wa dariya ba.

Ɗaurin aure za ni, na sha farar shadda, na ce bari in biya ta bayan kasuwa in tsokane shi. Na tarar ya zagaya yin alwala. A kan teburin aiki ga jirgin samansa, wanda duk unguwar ta san da zamansa: jirgin gwangwani ne, tsawonsa kamar daga kafaɗata zuwa yatsu, fari sol, da ratsin shuɗi a wutsiya. Ina dubawa sai na ga wani baƙi-baƙi a fiffiken hagu, ya ja layi daga bayan inji har baki. Na ce a raina, Allah sarki, ido ya tafi, hayaƙin gawayi na ɓata wa bawan Allah aiki bai sani ba. Tsummana yana mota, don haka na kama bakin hannun rigata, na ɗan tofa yawu, na murje wurin tas. Har na ja da baya ina yaba wa kaina.

Dabo ya shigo da buta a hannu. Ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa fiffiken, yana karkata kai gefe kamar kaza. Ya daɗe a haka.

"Badamasi."

"Na'am, bawana."

"Wa ya taɓa nan?"

"Wani mai taimako ne. Ya ce ba sai ka gode ba."

Uwarsa da ubana ciki ɗaya suka fito, don haka tun ina yaro nake cin fuskarsa yana cin tawa, ba mai kai ƙara. Na tsaya ina jiran zagi. Bai zage ni ba. Ya ajiye butar, ya laluba ya kamo hannun rigata, ya kai shi dab da idonsa.

"Cire," in ji shi.

"Me?"

"Rigar. Cire ta."

Na dubi fuskarsa na ga babu wasa ko na anini. Haka na ratsa kasuwar Birnin Kudu daga ni sai singileti da wando da hula ƙube, 'yan tasha suna tambayata ko caca na yi da rana tsaka. Ɗaurin auren da ban je ba ke nan.

Kafin in faɗi abin da na goge, sai na faɗi wane ne Dabo, don yaran yanzu ba su san shi ba sai da "tsohon nan mai jirgi".

Mutumin Kwandiko ne ta ƙasar Gwaram. Ya zo Birnin Kudu yana saurayi ya koyi aikin gwangwani, ya zauna. A zamaninsa ba gidan da za ka shiga ka rasa aikin hannunsa: fitila aci-balbal, mazurari, magogin kuɓewa, akwatin kwano na amare mai zanen fure. Bokiti in ya huje, wurinsa ake kaiwa ya ɗiga masa dalma, ya ƙara shekaru yana aiki. Sai roba ta shigo gari. Bokiti ya huje a yar, a sayi wani. Fitilar caji ta kashe aci-balbal. Dabo ya ci gaba da buɗe rumfa kullum safe, ya hura gawayi, ya sa ƙarfen liƙi a wuta, ya zauna yana kallon masu wucewa da kayan roba ja da kore a ka.

Bai taɓa kuka da wannan ba, don yana da Zahara'u. 'Yar Surko ce, daga gidan masu shanu, doguwa, mai baki kamar nawa, ita kaɗai ce a dangi take kayar da ni a magana. Ba na jin na taɓa ganin idonta ba kwalli. Ko haihuwar 'yarsu Nasiha da ta yi, mata sun ce tana farfaɗowa tandun kwallinta ta fara tambaya, kafin ta tambayi mace ce ko namiji.

Da aka raba gadon mahaifinta ta sami shanu, ta ce a sayar Dabo ya tafi Makka. Ya ce a'a, dukiyarta ce, ita za ta fara, shi ya biyo baya in Allah ya hore. Suka yi ta ja, har ya kayar da ita. Wannan ita ce gardama ɗaya da na san ya ci a kanta.

Ni na kai su Dutse a motata. A bakin ƙofar gida, har ta shiga mota, ta fito ta miƙa masa tandun. Ta ce, "Mai harami ba ta kwalliya. Ajiye mini. Ranar da zan sauka ka zo mini da shi filin jirgi, kada in shigo gari da ido fari kamar na Badamasi."

A filin jirgin ba a barin 'yan rakiya su shiga, sai muka tsaya can jikin shingen waya. Daga nesa muka hango jirgin, rana ta doke shi yana walƙiya kamar sabon kwanon sha. Dabo ya riƙe waya da hannu biyu har jirgin ya zama ɗigo.

Bayan an sauko daga Arfa zazzaɓi ya kama ta. Wata abokiyar tafiyarta ce ta bugo waya. An yi mata salla a can, an binne ta a can.

To, a nan ne abin ya sami Dabo, kuma ba wanda ya yi masa da mugun nufi. Mutane suka cika ƙofar gida. Kowa ya zo sai ya ce, "Allah ya jiƙanta," kafin Dabo ya gama cewa amin sai a ɗora, "Kai, amma ta dace!" Liman ya ce ta dace. 'Yan'uwanta na Surko suka ce ta dace. Wata tsohuwa har da cewa ina ma ita ce. Wani kuwa da ya zo a makare, ya riƙe hannun Dabo ya rasa ko gaisuwa zai yi ko barka, sai ya haɗa duka biyun. Gaskiya suka faɗa, wa zai ce wanda ya cika a ƙasa mai tsarki bayan Arfa bai dace ba? Dabo ma bai taɓa cewa haka ba. Amma mutum ne da aka yi wa mutuwa ba gawa, ba makara, ba kabarin da zai je ya tsuguna. In idonsa ya kawo ruwa sai a ce, "Haba Malam Dabo, kuka kuma? Ai murna za ka yi." Sai ya haɗiye.

Ranar da jirgin ayarin su Zahara'u zai sauka, ya zo tasha da sassafe ya ce in kai shi Dutse. Na ce me za mu yi a can? Ya ce kayanta. Na san kayan za a iya aiko da su, amma na tayar da mota. A hanya na ga tandun a aljihun gabansa. Ranar ce kaɗai na yi tuƙi daga Birnin Kudu har Dutse ban yi wa kowa ba'a ba.

Wannan karon jirgin ya juyo kusa da inda muke tsaye. Ni alhazai nake kallo suna saukowa. Shi jirgin yake kallo. Sai da matakala ta zama ba kowa, aka janye ta, sannan ya ce, "Ka ga yadda ya yi baƙi a bayan inji? Ka ga fentin bakin ƙofa ya ɓare? Da zai tafi ba haka yake ba." Na ce wataƙila haka yake, nisa ne ya ɓoye. Ya ce a'a.

Da damina ta wuce ya fara yanka gwangwani.

Ban san jirgi ba, amma na san aiki in na gan shi. Gangar jikin daga manyan gwangwanayen madara ya fitar, ya buge su a kan guntun turmi har suka lanƙwashe ba ko ƙwarzane. Injuna na gwangwanin tumatir ne, kowanne da farfela a ciki da ya yanka da almakashi, in ka hura sai ta juya. Tayoyi daga tsohon silifa. Tagogi daga gorar ruwa, ɗaya bayan ɗaya, kowace kamar ƙwayar wake. Ya bi jikin duka da bakin allura yana ɗiga alamar ƙusoshi. In wuri bai yi masa ba sai ya narke dalmar ya sake. Na kan nuna masa hotunan jirage a wayata, ya duba ya ture. "Waɗannan an yi musu wanka ne don hoto," in ji shi.

Ni kuwa aikina tsokana. Kullum na biya sai na ce, "Direba, yaushe za a fara lodi? Ina neman aikin kwandasta." Ya ce wanda motarsa ba ta hawa tudun Gwaram sai fasinja sun tura ba ya taɓa jirgi. Mutanen gari suka ce Dabo ya koma wasan yara. Wasu suka ce a yi masa aure zai warke. Ya ji duka, ya ci gaba da goga samfefa.

An shekara biyu ko fi, jirgi ya haɗu, ya sha farin fenti, ya sha shuɗi a wutsiya. Saura abu ɗaya: a shafe shi da man sheƙi irin na kafintoci, wanda in ya bushe ya rufe komai, ba gyara kuma. A nan Dabo ya tsaya cak. Kwalbar man tana kan tebur har ta yi ƙura.

Wata rana na same shi da Nasiha, ta zo daga Kwandiko inda take aure, suna gardama a kan haka.

"Baba, ka shafa man nan ka huta. Ga shi fes, kamar ranar da Inna ta shiga."

"Ban sa masa shekaru ba tukuna."

Haka yake kiran abin, sa shekaru. Wato a ɗauki sabon abu a yi masa tabo da baƙi da ɓarewar fenti, har ya zama kamar ya sha hanya. Na ce wannan ai ba sai an wahala ba, a ba ni shi in ɗaura a saman motata mako guda.

Bai kula ni ba. Ya ce wa Nasiha, "Jirgi biyu na gani, kuma guda ne. In na bar shi sabo, tana ciki. Ba su ma isa ba. Kullum na dube shi sai in ce yau ne, gobe ne. In na sa masa shekaru, ya dawo ke nan. An buɗe ƙofa, kowa ya sauka."

"To ka bar shi sabon mana, Baba."

"In zauna ina jira har yaushe?"

Ta juya baya tana gyara mayafi. Ni ma na ga ya kamata in je in duba tayar mota.

Ya yi ta gwaji a kan guntayen gwangwani. Baƙin tukunya ya yi maiƙo da yawa. Garin gawayi ba ya zama, ana hurawa ya tashi. Baƙin mai na inji, wanda ni na kawo masa kyauta, ya cinye fentin. Na ce ya jiƙa ƙusa ya sami tsatsa, ya ce jirgi ba ya tsatsa, ba motata ba ce. Toka da ruwa ta yi masa daidai a ƙasan jirgin, ta kashe ƙyallin. Bakin ƙofa ya ɓare shi da allura, kaɗan-kaɗan. Amma baƙin bayan inji ya gagara. Ya ce wanda ya gani ba baƙi ƙirin ba ne, yana da wani shuɗi-shuɗi a ciki in rana ta taɓa shi.

Ana cikin haka ido ya fara tafiya. Mun zaci yanar ido ce, a kankare a huta. Likitan ido ya ce ba ita ba ce, jijiyar ce ke mutuwa, abin da ya tafi ya tafi, sai dai a riƙa ɗiga magani a rage masa gudu. Dabo ya ce mini kamar yana leƙen duniya ta cikin mazurari ne, kullum ramin na ƙara tsukewa. Ya daina ganin mutum in ya zo ta gefe. Ya ƙone yatsa da ƙarfen liƙi, abin da bai taɓa yi ba tun yana koyo. Dangi suka yanke cewa da an gama kaka zai koma Kwandiko, gidan gado, wurin ƙanensa, kusa da Nasiha. Shi kuwa ba Kwandiko yake tsoro ba. Tsoronsa kada ramin ya rufe jirgin na nan a tsakani, bai tafi ba, bai dawo ba.

Kwana biyu da karɓe mini riga, Nasiha ta shiga motata a Gwaram, ta zauna gaba. Na fara ba ta labari ina ƙara gishiri, ina jiran ta yi dariya. Ta ce, "Baba Badamasi, kwallin Inna ne."

Ta ce ya daɗe yana juya tandun a hannu kafin ya buɗe. Da ya gwada, sai ga launin da yake nema. Da ɗan tsinken da Zahara'u ke zizara wa idonta ya riƙa ɗiba, yana shafawa da gashin kaza, da hantsi kawai, lokacin da haske ya fi ƙarfi. Fiffike ɗaya ya ci masa kusan wata. Kuma da ma abin da ke cikin tandun bai taka kara ya karya ba.

Na wuce mahaɗar Kangire ban tsaya wa fasinja ba, suna ta bugun mota.

Washegari na sayi kwalli mai kyau, cikin tandu sabo, na kai masa. Na tarar ya yanke hannun rigata ya jiƙa a murfin gwangwani, ya sa a rana ruwan ya ƙafe. Abin da ya kwanta a ƙasa bai fi a lakata da yatsa ba, kuma ya yi fari-fari da sitati. Na ajiye masa nawa. Ya shinshina, ya turo mini.

"Kai wa matarka."

"Kwalli ai kwalli ne, Yaya Dabo."

"Shi ya sa na ce ka kai wa matarka."

Da aka gama kaka ni na kwashe shi. Kayan aikin shekara arba'in ba su cika bayan mota ba. Ya zauna gaba da jirgin a cinya, naɗe cikin shaddata mai hannu ɗaya. Duk ramin da na faɗa sai ya ɗaga shi sama. Da muka fita gari ya ce in gaya masa in mun wuce duwatsu, don ya sani. Mun daɗe da wuce su. Na ce ga su nan muna wucewa, ya juya kai wajen taga ya gyaɗa.

Na yi makonni ban leƙa ba. In an tambaye ni sai in ce hanya ba kyau. Ranar da na je, da azahar ce, mata na sussukar dawa a bayan gida. Tun daga ƙofar zaure warin man sheƙi ya tare ni. Dabo na zaune a kan tabarma, jirgin a gabansa a kan kujerar tsuguno, tandun a gefe, a kife.

"Badamasi ne? Na ji ƙarar gwangwaninka tun daga kwalta."

"Ni ne, bawana. An gama ke nan?"

"Jiya. Na kankare tandun har fata." Ya laluba ya dafa kujerar. "Ya dawo. Na sa masa shekaru, na rufe."

"Nasiha ta gani?"

"Ta gani, ta fita ba ta ce komai ba. Kai ba ka iya rufe baki. Zo ka zama idona. Ka tuna yadda yake a Dutse?"

"Na tuna."

"To duba. Kada ka taɓa. Hannunka a baya."

Na tsuguna, hannu a baya kamar ɗan makaranta. Baƙin da ya kamata ya kwanta a bayan inji ya kauce, ya hau gangar jiki, ya shafe tagogin gefe guda, ba ka ganin ko ɗaya. Fiffiken hagu, inda na goge, yana nan fari sol, bai same shi ba. Man ya yi kauri, ya zubo ya daskare a ƙarƙashin ciki. Ƙaiƙayin dawa da iska ta kwaso ya manne a ko'ina, har da ƙuda guda a kan wutsiya, ƙafafu a sama. Alamun ƙusoshin nan da ya ɗiga da allura duk sun nutse. Kuma ya bushe ƙam.

Ya juyo da fuskarsa wajena, amma idon ya wuce ni kaɗan, yana kallon bango.

"Ya yi?"

Na buɗe baki, abin da ya fi kusa da harshe ya faɗo.

"Wallahi ya yi. Sak na Dutse. Kai, Yaya Dabo, ka dace da ka gama shi kafin—"

Ya ɗaga hannu. Ya laluba ya sami tandun, ya sa a aljihun gaba.

"Ita ta dace, ni ma na dace," in ji shi. "To gaya mini, ɗan kawu, a gidan nan wa aka yi wa mutuwa?"